Juma'ar da Soke Jirgi Ta Kai Mu Masallacin Huaisheng

Daga Kano babu jirgin da ke ɗaukar mutum ya dire shi a Guangzhou kai tsaye. Dole a yada zango a hanya, ko a Addis Ababa, ko a Alƙahira, ko a Doha, sannan a sake hawa wani jirgin a kwana ana nausawa gabas. 'Yan Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da masu harkar waya sun san hanyar nan ciki da bai, wasunsu ma sun fi sanin lungunan unguwar Xiaobei da ke can a kan na wasu unguwannin Kano. Ni abin da ya kai ni kayan gyaran injin ɗab'i ne, kuma tafiyar ta faɗo daidai baje kolin Canton na watan Oktoba, wanda aka fara tun 1957 kuma ake yin sa sau biyu a shekara. A irin wannan lokaci otal yana tsada, jirgi yana cika maƙil, wanda kujerarsa ta kuɓuce kuwa samun wata sai an sha fama.

Cinikin bai wahalar da ni ba. Na zaga Xiaobei da Sanyuanli, na shiga benen Tianxiu inda a hawa ɗaya za ka ji Hausa da Ibo da Bambara da Faransanci, na biya kuɗin kaya, na miƙa masu nauyi ga masu kago, na riƙe ƙananan a jaka. Daren Alhamis na kama hanyar filin jirgin sama na Baiyun, ina lissafin Asabar za ta same ni a shago.

Jiragen da ke nufo Afirka daga can yawanci tsakar dare suke tashi, don haka tun bayan isha'i layi ya miƙe. Jakunkuna ne maka-maka, kowace an naɗe ta da leda da salatif, an rubuta suna da lambar waya a gefe da baƙin alƙalami mai kauri. A gabana wata Hajiya ce mai sayar da leshi da mayafai. Ta durƙusa gaban sikeli tana zaro bandir daga wannan jaka tana cusawa a waccan saboda kilo biyu da suka hau, yatsunta har sun yi ja da jan zif. Ta gama ke nan tana share gumi da gefen mayafinta, sai allon da ke sama da masu awon kaya ya canza. Lokacin tashi ya matsa da awa biyu. Can ya sake matsawa. Dare ya raba sosai sannan jan rubutu ya fito, ma'aikaciyar kamfanin ta miƙe ta ce an soke jirgin.

Aka yi mata ca. Maganarta ɗaya ce take ta nanatawa: matsalar yanayi ce, kowa ya koma masauki, za a turo saƙo. Da aka tambaye ta wane masauki, kuma wa zai biya, ba ta da amsa. Na leƙa ta gilashi. Ba ruwa, ba iska, jiragen wasu kamfanonin sai tashi suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Mutanenmu suka kasu biyu. Matasa suka yi ta ɗaga murya suna buga tebur har 'yan sandan filin suka matso. Dattawa kuma suka ce a yi haƙuri, wataƙila wani abin Allah ya kare mu daga gare shi. Daga masu faɗan har masu ba da haƙurin, kowa ya ja kayansa ya fita hannu rabbana, ba wanda ya karɓi ko guntuwar takarda da ke nuna an soke jirginsa.

Mu uku muka haɗa tasi. Da ni, da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai harkar kayan babur, dattijo mai fara'a da ya daɗe yana bin hanyar, sai wani saurayi ɗan Katsina da muka tarar zaune a kan jakarsa ya haɗa kai da gwiwa. Zuwansa na fari ke nan, maigidansa ne ya aiko shi, guzurinsa ya ƙare, bizarsa kuma ranar Lahadi za ta mutu. Muka kama ɗaki a wani otal kusa da filin, da kuɗin aljihunmu. Da asuba ba saƙo, da hantsi ba saƙo. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, tunda Allah ya tsaishe mu, mu tai tsohon masallaci mu yi Juma'a. Zaman ɗakin ga ba ya kawo jirgi."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 3 zuwa Jiahewanggang, muka canza zuwa na 2, a Gongyuanqian muka koma na 1, tasha ɗaya muka sauka a Ximenkou. Daga nan 'yar tafiyar ƙafa ce cikin tsohon gari, a gundumar Yuexiu. Titin Guangta siriri ne, itatuwa sun yi masa rumfa, ga gidajen abincin halal da korayen alluna. Kana cikin tafiya sai hasumiyar masallacin Huaisheng ta ɓullo ta tsakanin gidaje. Tsayinta mita 36, zagayayya, sumul, ba zane ba ado, ta ɗan karkata kaɗan, samanta ya tsuke. Ba ta yi kama da komai da ke kewaye da ita ba. Saurayin ya tsaya ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, wallahi sai ta tuna mini da Gobarau." Ita ce maganar farko da ya yi tun daren jiya wadda ba ta biza ba.

Mai gadin ƙofa, wani tsoho da farar hula, ya amsa sallamarmu ya nuna mana hanya. Ciki kuwa ginin Sin ne tsantsa. Ƙofa bayan ƙofa, sai wani soro mai jan bango da rufi mai lanƙwasassun gefuna, wanda ake kira Kanyue, inda ake duban wata. Bayansa tsakar gida ce mai faɗi da baranda a kowane gefe, tsofaffin itatuwa, da duwatsu masu rubutun Larabci da na Sinanci. Hayaniyar birnin da ke da mutane miliyoyi sai ta tsaya a waje. Liman ya yi wa'azi da Sinanci, ya yi huɗuba da Larabci. A sahu, damana wani dattijo ne ɗan ƙabilar Hui, hagu wani Balarabe, gaba 'yan Pakistan, baya 'yan Mali da Gini. Musulmin Sin galibinsu Hanafawa ne, akwai 'yan bambance-bambance da abin da muka saba, amma da liman ya ɗauko Fatiha sai na ga kafaɗun saurayin nan sun sauka.

Mutanen wurin suna cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne ya kafa masallacin a shekarar 627, zamanin daular Tang, kuma akwai kabarin da ake danganta masa a masallacin Xianxian, kusa da lambun Yuexiu. Littattafan tarihin da muka karanta a gida sun ce a Aƙiƙ ya rasu, kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, tun zamanin Tang fatake Musulmi, Larabawa da Farisawa, suke zaune a wannan unguwa, kuma an sake gina masallacin a 1350, aka kuma sake a 1695 bayan gobara. Larabawa Khanfu suke kiran garin. Ibn Battuta ya zo nan ya ga unguwar Musulmi da masallacinsu da kasuwarsu da alƙalinsu, shi ɗin dai da daga baya, a 1353, ya sauka Takedda da ke ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir.

Na zauna a baranda bayan sallah ina kallon hasumiyar, ina tunanin waɗancan fataken. Su jirgin ruwa mai filafilan ƙyalle suke hawa, iska ce ke kawo su, ita ce ke mayar da su. Ta bazara da ke busowa daga kudu maso yamma ita ke shigo da su, ta hunturu daga arewa maso gabas ita ke fitar da su. Wanda bai gama shiri ba har iskar ta wuce, sai wata shekarar. A lokacin kogin Zhujiang ya fi kusa da nan, ana kunna fitila a saman hasumiyar don masu shigowa, ana kuma hawa a roƙi Allah iska mai kyau. Ashe tun fil azal wannan wuri ya saba da matafiyan da tafiya ta tsaya musu. Sai dai wani littafin Larabci da aka rubuta a 851 kan labaran Sin da Indiya, wanda ake jingina wani sashensa ga Sulaiman ɗan kasuwa, ya nuna jiran nasu yana da tsari. Hukuma tana karɓar kayan fatake ta adana a rumbu, ta lamunce su har wata shida zuwa shigowar jirgi na ƙarshe, sannan ta ɗebi uku cikin goma ta mayar musu da saura. Kuma sarkin Sin ya naɗa wani Musulmi da ke yanke hukunci tsakaninsu, shi ke ba su sallar Idi. Mutane ne da suka yarda da ƙaddara fiye da mu, suka jira iska wata da watanni, amma suna da wanda ya lamunce musu kaya, suna da wurin kai ƙara.

Muna saka takalma sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, su Baba. Daga ina?" Wani matashi ne ɗan Zariya da ke karatun injiniya a ɗaya daga jami'o'in birnin, yana kuma yi wa 'yan kasuwa tafinta in ya samu sarari. Ya ja mu wani gidan abinci a kan titin, inda mai dafawa ke miƙa ƙullin fulawa da hannu yana ninkawa har ya zama taliya siririya, a zuba mata romon naman sa da yankakken ganye. Muna ci muka ba shi labari. Bai ce komai ba sai da muka gama, sannan ya tambaya, "Kawu, sun ba ku takardar shaidar sokewa?"

Muka ce a'a.

Ya ce to a nan gizo ke saƙar. Ƙasar Sin tana da ƙa'idar tafiyar jirage kan lokaci wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017, kuma ta hau kan kamfanonin waje muddin daga Sin jirginsu zai tashi. A cikinta an raba dalili gida biyu. In matsalar daga kamfani ce, kamar lalacewar jirgi, ko rashin matuƙa, ko sauya jadawali, to abinci da masauki a wuyan kamfani suke. In kuwa yanayi ne, ko masu kula da zirga-zirgar sama, ko wani abin gaggawa, kamfani zai taimaka a samo masauki amma fasinja ne zai biya. Shi ya sa kalmar yanayi ke saurin fitowa daga bakin ma'aikaci. Amma ƙa'idar ta ce in fasinja ya nemi shaida a rubuce dole a ba shi, kuma abin da za a buga wa hatimi ba a faɗarsa da ka. Ta kuma ce a sanar da fasinja cikin minti 30 da kamfani ya san an samu canji, tare da dalili. Wanda aka zaunar cikin jirgi a ƙasa kuma, bayan awa biyu a ba shi ruwa da abinci, bayan uku in babu tabbacin tashi a sauke shi. In kamfani ya ƙi, akwai lambar kai ƙara ta hukumar jiragen sama, 12326. Kuɗin diyya ne dai ba su taka kara sun karya ba: manyan kamfanonin Sin sukan ba da yuan 200 in jinkirin laifinsu ne kuma ya kai awa huɗu zuwa takwas, yuan 400 in ya haura takwas.

Alhaji ya ce ai ɗansa da ke karatu a Faransa jirgi ya taɓa makara da shi, aka biya shi Yuro 600 lakadan, me ya sa mu ba za a ba mu ba? Wannan na san amsarta. Dokar Tarayyar Turai ce mai lamba 261 ta 2004, wadda ta yanka Yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiya, kuma tun 2009 kotunsu ta ce jinkirin awa uku ma ya shiga. Amma sai jirgin da ya tashi daga Turai, ko na kamfanin Turai da ya nufi can. Wanda ya taso daga Guangzhou zai je Kano ba ta san da zamansa ba. Na sha ganin 'yan'uwanmu suna faɗa a filin jirgi da wannan doka a baki, a ba su amsa da kalma ɗaya, su yi sanyi, alhali akwai wadda ta shafe su da ba su ambata ba.

Sai ɗalibin ya juya ga saurayin Katsina ya karɓi fasfo ɗinsa ya duba. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ɗan'uwa, kai naka ya fi na kowa gaggawa." A dokar shige da fice ta Sin, wanda ya wuce wa'adin bizarsa ana iya cin sa tarar yuan 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, ga kuma tabon da zai bi shi in ya sake neman biza. Jami'in da ke duba fasfo ba ruwansa da labarin baki. Ko dai a fitar da shi kafin Lahadi, ko a je ofishin shige da fice na 'yan sanda tun bizar tana da rai, da takardar kamfani a hannu.

Ba mu koma otal ba. Daga nan muka wuce Baiyun, ɗalibin ya bar abin da ke gabansa ya raka mu, Allah ya saka masa da alheri. Ofishin kamfanin wani ɗan ɗaki ne a bayan wurin awon kaya, tebur biyu da injin buga takarda. Ba wanda ya ɗaga murya. Ɗalibin ya gaishe su da harshensu, ya ajiye tikitocinmu, ya ce muna neman shaidar soke jirgi a rubuce, da dalili. Mutumin ya dube mu, ya dubi kwamfuta, ya shiga ciki ya yi waya. Da ya fito sai injin ya fara aiki. Ya ɗauko hatimi zagayayye, ya danna shi a jan tawada, ya buga a ƙasan kowace takarda, ya hura ta bushe kafin ya miƙo. Ɗalibin ya bi layukan da yatsa ya karanta mana. Babu yanayi a ciki. Jirgin da zai ɗauke mu ne ya samu matsalar inji tun a inda zai taso, bai ma iso Guangzhou ba.

Daga nan komai ya zo da sauƙi. Aka rubuta mana takardar otal da ta abinci, aka ce mota za ta zo. Aka buɗe fasfon saurayin a shafin biza aka ajiye gaban mutumin, ya ƙirga kwanakin da kansa, ya sake ɗaga waya. Kafin magariba an samar masa kujera a jirgin wani kamfanin da zai tashi daren Asabar, ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Yaron ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu ya kasa magana.

Ba na ganin laifin kamfani don ya soke jirgin da ke da matsala. Gara a kwana a ƙasa da a tashi da lalataccen inji, kuma akwai ranakun da yanayin ne da gaske, kamar watan Satumban 2018 da guguwar Mangkhut ta tsayar da jirage cak a wannan fili. Abin da ke ci mini rai shi ne a sallami mutane cikin dare a ƙasar da ba su jin yarenta, a bar su su biya abin da doka ta ɗora wa wani, don an tabbata ba za su tambaya ba. Mu ma kuma da namu. A tashar mota, in direba ya ɗauko ka daga Kano za shi Sakkwato motar ta lalace a Gusau, ko yaro ya san sai dai ya yi maka juye a wata motar ko ya mayar maka da ragowar kuɗinka, in ya ƙi a tafi wurin 'yan ƙungiya. Ba wanda ke cewa fasinjan ya kasa yarda da ƙaddara. Amma mutumin nan da ba ya barin naira ɗari biyar a tasha, in ya shiga filin jirgi da tikitin miliyoyi sai ya ga kamar alfarma ake yi masa. Wanda ya san haƙƙinsa ya yafe ya yi abin lada. Yawancinmu ba yafewa muke yi ba, ba mu san akwai shi ba ne.

A harabar otal ɗin da aka kai mu muka shiga kiran waɗanda muke da lambobinsu, aka buɗe zaure a WeChat, aka saka hoton takardar mai jan hatimi. A nan wata matsalar ta fito fili. Hajiya mai leshi tana can Xiaobei tana jiran saƙo, ashe tun safe kamfani ya tura, ya ma ba ta sabuwar kujera. Sai dai ejan ɗin da ya yankar mata tikiti a Kano lambarsa da imel ɗinsa ya saka a madadin nata, shi kuma ya rufe shago ya tafi masallaci. Saura ƙiris kujerar ta wuce ta. Da muka bincika, kusan duk wanda ya sayi tikiti ta hannun ejan haka abin yake. Ta iso da daddare da jakunkunanta, ta ce, "Malam, ni duk shekarun nan ban san ana ba da ɗaki ba. Sau nawa na kwana a kan kayana."

Alhaji ya fito da rasit ɗin otal ɗin daren farko da na tasi yana shirin yagawa. Na riƙe hannunsa. Akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003, kuma Nijeriya da Sin duk sun shiga, Nijeriya ma ta saka ta cikin dokarta ta jiragen sama tun 2006. Ita ba ta yanka wani kuɗi da za a miƙa maka don an ɓata maka lokaci ba. Abin da ta ce shi ne kamfani ne ke da alhakin asarar da jinkiri ya jawo, sai in ya tabbatar ya yi duk abin da ya kamata don kauce masa. Iyakar abin da za a biya, daga ƙarshen 2024, shi ne 6,303 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wato sama da dala 8,000. Amma asarar da ka nuna da takarda ita ake biya, kuma shekara biyu gare ka ka kai ƙara kotu, in ta wuce shi ke nan. A Sin rasit ɗin da ake ɗauka da daraja shi ne wanda suke kira fapiao, na hukumar haraji, sai ka nema ake ba ka. Washegari muka koma otal ɗin farko muka karɓo namu.

Kafin kujerarmu ta samu na sake komawa titin Guangta ni kaɗai, na yi la'asar. Ranar ba taro, sai tsofaffi 'yan unguwa da wani mai shara. Ba a barin kowa ya hau hasumiyar yanzu. Na zaga gindinta, na ga yadda ƙasar gari ta taso a tsawon ƙarnuka har ginshiƙinta ya koma ƙasa da titi.

Da muka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, jakar Hajiya ɗaya ba ta fito ba, kuma mai leshi masu tsadar ce. Yaranta da suka zo tarya suna ta cewa a tafi gida a huta, gobe a dawo. Na ce, "Hajiya, kada ki fita daga nan sai an cika miki takardar rahoton kaya, an ba ki kwafi mai lamba, ki kuma adana 'yar takardar kayan da aka manna a bayan tikitinki." Yarjejeniyar Montreal ɗin nan ta ba da kwana 7 a kai kuka a rubuce in kaya sun lalace, kwana 21 daga ranar da aka miƙo su in makara suka yi, in kuma kwana 21 suka wuce ba su iso ba ana iya neman diyyarsu a matsayin ɓatattu. Iyakar diyyar kayan fasinja ɗaya SDR 1,519 ne, kusan dala 2,000, komai tsadar abin da ke ciki, sai in tun wurin awo ka bayyana darajarsu ka biya ƙari. Wannan ya kamata duk mai cusa jarinsa a jaka ya sani kafin ya ɗora ta a sikeli.

A gida ma akwai tanadi, kuma mu mutanen arewa muka fi kowa bukatarsa, don duk hunturu hazo sai ya hana jirage sauka a Kano da Sakkwato da Katsina. Hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da sashe na 19 a ƙa'idojinta, wanda aka sabunta a 2023. A tafiyar cikin gida, jinkirin awa biyu a ba ka abin sha da na taɓawa, in ya kai uku kana iya neman kuɗinka, in ya kai ka tsakar dare a ba ka masauki da mota. In an soke jirgi ba tare da sanarwa a kan kari ba, kuma ba don abin da ya fi ƙarfin kamfani ba, akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a cikin gida, kashi 30 a tafiyar waje. Jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar suna da wurin zama a manyan filayen jirgi, wurinsu muka raka Hajiya bayan an cika takardar.

Jakar ta iso a jirgin da ya biyo baya, salatif ɗinta ko yagewa bai yi ba. Ni kuma na zauna na rubuta wa kamfanin wasiƙa, na haɗa da hoton takardar mai jan hatimi da fapiao na otal da rasit ɗin tasi, na ambaci yarjejeniyar da sunanta. Sai da na yi ta bibiya, amma kuɗin sun shigo asusuna cif. Da na faɗa wa Alhaji ta waya, ya ce in turo masa kwafin wasiƙar, akwai wani malamin makaranta a Maraɗi da zai juya masa ita zuwa Faransanci, a kuma buga da yawa a raba wa 'yan kasuwar da ke shirin tafiya baje kolin watan Afrilu.